Unguwar da ƴan haya suka mallaka a Landan

Ɗan Jidda:
Salam ƴan uwa, jiya ana ƙorafin haya a majalisa, wani yace wai akwai unguwa a Landan da ƴan haya suka gina da kuɗinsu, don Allah da gaske ne?

Baban Ummi:
Gaskiya ne ƙanina, Brentham sunanta, a Ealing. A 1901 wani kafinta Henry Vivian ya tara abokan sana'a suka kafa kamfani, a lokacin kowane ɗan haya yana da hannun jari, yana biyan haya kuma idan riba ta fito a raba da shi, gidajen na kowa ne ba na mutum ɗaya ba. A 1907 masu zanen gine-gine Raymond Unwin da Barry Parker suka zana sauran unguwar, tituna masu lanƙwasa, kowane gida da lambunsa, shingen shuka maimakon katanga.

Maman Sadiya:
Lambun nan shi ya taɓa ni wallahi. Mu nan Makka hawa na huɗu muke, yara sai matakala suke wasa, na'ana'a ma a gwangwanin madara nake shukawa bakin taga.

Ɗan Jidda:
To Baba mu da muke zaune a Saudiyya da iƙama, takardar izinin zama, anya zai yiwu?

Baban Ummi:
Nan da wuya, amma adashinmu zai iya sayen fili a Kano, mu fara lissafi ranar Juma'a.