Tambarin gwamnati a kan digirin tsaron intanet, yana da wani amfani kuwa?

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin abin ku taimaka min. Ina son yin mastas a fannin tsaron bayanai, to ina ta duba shafukan jami'o'i sai nake ganin wasu na Amurka sun manna tambarin NSA, hukumar tsaron ƙasa ta Amurka, wai su cibiyar ƙwarewa ce da gwamnati ta amince da ita, na Ingila kuma suna cewa NCSC, cibiyar tsaron intanet ta gwamnatin Birtaniya, ta tantance kwas ɗinsu. Shin wannan abin da gaske yana nuna karatun ya fi inganci ne ko dai talla ce kawai? Kuma wanda ya yi a jami'ar da ba ta da shi ya yi asara kenan?

Malam_Kwamfuta:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ba talla ba ce zalla, abin yana da asali. Na Amurka shi ake kira CAE, wato shaidar cibiyar ƙwarewa a ilimi, hukumar NSA ce ta fara shi a 1999 da jami'o'i 7 kacal, cikinsu har da Purdue da Iowa State da George Mason, a 2004 ma'aikatar tsaron cikin gida ta shigo aka haɗa hannu, yanzu makarantun sun haura 400. Kuma kashi uku ne, akwai na kariya, akwai na bincike, akwai na ayyukan kutse da dabarun ciki sosai wanda aka ƙaro a 2012, shi wannan na ƙarshen makarantun da ke da shi ba su da yawa don sharuɗɗansa sun fi tsauri.

Yadda ake samu shi ne makaranta za ta kawo manhajarta a ɗora ta kan jerin darussan da hukumar ta gindaya, a ga wane kwas ne ya koyar da ɓoye saƙo, wanne ne ya koyar da tsaron netwok, su waye malaman, akwai lab ko babu, ɗalibai sun taɓa kammalawa ko a takarda kawai shirin yake. In an ba su shaidar, ta shekara 5 ce, sai sun sake nema. To kin ga aƙalla wani daga waje ya leƙa ya ga ba fanko ba ne.

Abu_Sadiq:
Malam ya yi bayani amma akwai inda nake so ki lura sosai, don nan ne mutane ke ruɗewa. Ki tambaya ME aka tantance. Jami'a ɗaya tana iya samun digiri uku huɗu masu kama da juna a sassa daban daban, wanda aka duba guda ɗaya ne, amma tambarin yana saman shafin gaba ɗaya kamar kowa ya samu. A Ingila abin ya fi fitowa fili saboda digirin ake ba shaidar da sunansa, tun 2014 GCHQ, hukumar leƙen asirin sadarwa ta Birtaniya, ta fara da na mastas kafin a kafa NCSC a 2016 ta ci gaba da shi, kuma suna da cikakkiyar shaida suna da ta wucin gadi wadda ake ba sabon kwas da bai gama yaye ɗalibai ba. Kar ki tsaya kan abin da jami'a ta rubuta, ki shiga shafin hukumar ki nemo sunan kwas ɗin harafi da harafi.

Sannan maganar kuɗi, wallahi wannan yana min ciwo in na ga an ja ran ɗalibai da shi. Manyan sikolashif ɗin da ke tafe da tsarin Amurka, irin CyberCorps da na ma'aikatar tsaro, na 'yan ƙasa ne, CyberCorps ta haɗa da masu takardar zaman dindindin, kuma bayan ka gama sai ka yi wa gwamnati aiki gwargwadon shekarun da aka biya maka, in ka ƙi kuɗin ya zama bashi a kanka. Gwamnati ta ƙirƙiro abin ne don ta samar wa kanta ma'aikata. In ke baƙuwa ce wannan ƙofar ba taki ba ce, ingancin manhajar kawai za ki mora.

Ummu_Hanan:
Kai, na gode Yaya Abu Sadiq, Allah ya saka. To kamfanoni fa, suna dubawa wajen ɗaukar aiki?

Hajiya_Linux:
Ƙanwata ni ina zama a intabiyu wani lokacin, gaskiya ban cika jin an tambayi tambarin ba. Abin da muke yi shi ne mu ajiye wa mutum log na saba, wato bayanan abin da ya faru a kwamfutar da ke riƙe da shafi, mu ce nuna mana inda aka shigo, ko mu ba shi fayil ɗin Wireshark, manhajar duba bayanan da ke ratsa netwok, ya karanta mana zirga-zirgar, nan take ake gane wanda hannunsa ya taɓa aiki da wanda ya haddace silaid. Amma ban yarda a ce shaidar ba ta da amfani ba, yawanci waɗanda suka fito daga irin waɗannan kwasa-kwasan ba ka samunsu da giɓi a tushe, don an tilasta wa makarantar ta koyar da komai ba abin da lakcara ya ga dama kaɗai ba.

In kwas biyu sun yi kunnen doki a wajenki ɗauki mai shaidar. In kuma marar shaidar yana da lab na gaske da malamai masu bincike da damar zuwa koyon aiki a kamfani, kar rashin tambari ya hana ki. Ki tura wa sashen imel ki ce su ba ki jerin kwasa-kwasan da awa nawa ake yi a lab kowane mako, ki kawo nan mu duba tare.