Wane irin duro ya dace da tara ruwan sama don lambu?

Sabon Manomi: Jama'a, duron ƙarfe ko na roba? Kuma lita nawa?

Mai Lambu: Ɗauki na roba mai duhu. Fari yana barin haske ya shiga, gansakuka ta cika shi. Na ƙarfe kuwa tsatsa. Wanda aka taɓa zuba mai ko maganin ƙwari, kar ka kusance shi. Girma kuma, lissafa rufinka: ruwan milimita 10 a kan murabba'in mita 20 lita 200 ne, duro ɗaya ya cika ke nan.

Mai Famfo: Malam, ɗora shi kan bulo a daidaitaccen wuri, cikakke ya kai kilo 200. Sa famfo a ƙasa, bututun ambaliya a sama ya kai rarar nesa da gini.

Uwar Gida: Raga a bakin indararo da murfi, saboda sauro. Ruwan farko a zubar, ƙurar rufi ce.