Gizon lambu, wa zai amsa?

Mai Alƙalami:
Salam 'yan uwa, ga ƙwar biyu, wanda ya isa ya amsa.

Gizon lambu gwanin saƙa,
Kafin hantsi ya gama aikinsa.
Farin ɗigo sun yi gicciye bisa baya,
Kai a ƙasa yake zama a cibiyar yanarsa.
Zaren da ya miƙe ba shi da danƙo,
Na kewaye shi ke cafke ƙudansa.

Uwar Baiti:
Malam kana ta "shi", ai ita ce,
Mai ƙaton cikin nan mace ce.
Namijin ɗan firit ne a rakuɓe,
Yana kaɗa zare jiki a sanyaye.
In ya yi sake ta naɗe shi ta cinye,
Baitinka ma yanzu zan haɗiye.

Ɗan Auta:
Kai Hajiya Allah ya ƙara basira, wallahi kin gama da shi, mu dama ke muke bi ba wani ba.

Mai Alƙalami:
Ido takwas gare ta, ƙarancin gani,
Sai da ƙafa take jin motsin wani.
Ƙanwata kin ji zare ya girgiza kin rugo,
Ba ƙuda ba ne, zanzaro ne, ki bar ni.

Mai Awo:
Malam ka yi haƙuri amma ɗangonka na huɗu can sama ya karye, ya fi 'yan uwansa tsayi, rera shi ka ji sai numfashi ya ƙare maka, Hajiya kuma "ce" da "ɓe" da "ye" duk ta zuba su a amsa-amo ɗaya.

Ɗan Auta:
Duk wasalin "e" ne ai! Kullum gyara, baitinka ko ɗaya ba mu taɓa gani ba.

Almajirin Malam:
Na Malam in ka ja muryar daidai yake zama, nata ne ke ɗingishi.

Uwar Baiti:
Afuwan, caji ne ya ƙare.

Zanzaro in ya zo sai ta girgiza yana,
Ko ta saki zare ta faɗa ciyawa.
Tsohuwar yana cinye ta take ta sake sabuwa,
Malam ci naka baitin ka sake saƙawa.

Mai Awo:
To ɗango na uku fa Hajiya? Shi ma ya zarce.