Neman kalma: wane suna za mu sa wa "creep feeding" a kiwon dawaki?

Mai Fassara:
Assalamu alaikum jama'a. Kalmar da nake so a yi mata suna ita ce "creep feeding", tare da 'yan uwanta biyu, "creep feed" da "creep feeder". Abin da ake nufi shi ne, ɗan duƙushi yana tare da uwarsa, yana shan nono, ba a yaye shi ba, sai a ajiye masa abinci a inda shi kaɗai zai iya kaiwa, goɗiyar ba za ta iya ba. Kalma ta farko ita ce aikin, ta biyu abincin, ta uku wurin ko mazubin. Ƙamus ya ba ni "rarrafe", amma "ciyarwar rarrafe" ta ƙi zama a baki. Masana dawaki da masana harshe, a taimaka.

Baba Shamaki:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ajiye rarrafen nan tun da wuri. Duƙushi ba ya rarrafe. Lafiyayye cikin awa ɗaya da haihuwa ya miƙe, kafin awa biyu zuwa uku ya kama nono. Duk wanda ya ji rarrafe jaririn mutum zai faɗo masa a rai. Su ma masu kalmar ba tafiya da gwiwa suke nufi ba, 'yar kafar da ɗan dabba ke bi ya shige suke nufi. A kan kafar nan za a nemi suna.

Likitar Dabbobi:
Baba ya yi gaskiya. Amma kafin a yanka ragon suna bari a san dalilin abin, don sunan ya dace da shi.

Goɗiya mai nauyin kilo 500 tana ba da nono kamar lita 10 zuwa 15 a rana, kuma ganiyarsa tana tsakanin wata na ɗaya da na uku. Daga nan sai ya riƙa ja da baya, a yawa da kuma ƙarfi. Shi kuwa duƙushin, wanda aka haifa da kimanin kilo 50, yana ƙara sama da kilo ɗaya kullum a watannin farko. Nono na sauka, buƙata na hawa. Wajen wata biyu zuwa uku giɓin ke buɗewa, kuma shi ake cikewa da wannan abinci. Ga kuma sinadarin jan ƙarfe da na zinki, waɗanda dama nonon goɗiya bai da su da yawa, alhali guringuntsin gaɓoɓi yana buƙatarsu kafin ya zama ƙashi mai kyau.

Dalili na biyu shi ne yaye. Wanda bai saba da abinci ba, in aka raba shi da uwa sai ya rame, girmansa ya tsaya. Da ya saba sai ya yi girman fanshe a gaggauce, kuma a wannan tsaye-sannan-zabura ne ƙafafu suka fi lalacewa. Don haka ni "tallafin nono" nake ganin ya dace. Nono na nan, tallafa masa ake yi.

Mai Fassara:
Dakta, tallafin nono ya yi daɗin faɗa. Shin "abincin yaye" ba zai fi sauƙi ba?

Likitar Dabbobi:
A'a Malam, wannan kam haɗari ne. Yaye ana yinsa ne a wata huɗu zuwa shida a yawancin gidajen kiwo, in aka bar su a sake ma sukan kai wata takwas zuwa goma. Wannan abinci kuwa tun wata biyu ake fara shi. In ka ce abincin yaye, mai doki zai jira sai ranar rabuwa sannan ya kawo shi, ka ga an rasa amfanin gaba ɗaya.

Masanin Abincin Dabbobi:
Ina da ja a kan tallafin nono, Dakta, da girmamawa. Maraya da ake ba madarar gari a bokiti, shi ma tallafin nono ne. Wanda uwarsa ba ta da isasshen dakashi aka ɗura masa na wata goɗiyar a awannin farko, shi ma haka. Sunan ya faɗi dalili, bai faɗi dabara ba. Dabarar kuwa ita ce hana uwa ci. In aka zuba musu a komi ɗaya, goɗiya mai shayarwa ba ta da kunya a kan abinci, za ta share shi tas ta bar ɗan da lasar ƙasan komi. Ko da ta bar masa, abincinta ba nasa ba ne.

Nasa ana so furotin ya kai kashi 14 zuwa 16 cikin ɗari, kuma mai inganci, wato mai isasshen laisin (ɗaya daga cikin sinadaran da suka haɗa furotin), irin wanda ake samu a garin waken soya da aka tatse mansa. Kalsiyam wajen kashi 0.8, fosfaras wajen 0.5. Abin da za a riƙe shi ne kullum kalsiyam ya rinjayi fosfaras, kamar ɗaya da rabi ko biyu a kan ɗaya. Nan ne zallar hatsi da dusar alkama ke cutarwa, don su fosfaras ne ya yi musu yawa. In aka daɗe a haka jiki zai riƙa zare kalsiyam daga ƙashi, har ƙasusuwan fuska su kumbura, ƙafa ta yi rauni.

Wanda bai kai wata biyu zuwa uku ba cikinsa bai gama koyon narkar da sitaci ba, sukarin nono ya iya. In dole sai an ba shi wani abu a wannan lokaci, misali uwar ba ta da nono sosai, to ƙwayoyin abincin da aka haɗa da madara ake nema, ba masara ba.

Ni dai "ciyarwar keɓe" na kawo.

Malamar Nahawu:
Sannunku da ƙoƙari. Keɓe ta kusa, sai dai a bakin masu dabbobi keɓewa ta riga ta tafi wajen mara lafiya, wanda aka ware don kada ya shafa wa saura. Duƙushin nan kuwa ba a ware shi ba, shiga yake ya fito yadda ya ga dama, uwarsa na tsaye tana kallonsa.

Mu koma kan kafar da Baba ya ambata. Me muke cewa in abu ya bi ta matsattsiyar hanya ya wuce? Ya kurɗa. Hausa kuma tana da hanyarta ta gina sunan wuri, a sa "ma" a gaba: sha, mashaya; jema, majema; kurɗa, makurɗa. Ba ma ƙirƙira muka yi ba, kalmar tana nan, aiki kawai za mu ƙara mata. Sai mu ce wurin shi ne makurɗa, abincin shi ne abincin makurɗa, aikin kuma ciyarwar makurɗa. Gida ɗaya ya ɗauke duka ukun. Kuma tun da ana yi wa maraƙi da ɗan tunkiya irin wannan, sai a ce makurɗar maruƙa, makurɗar duƙushi, ba sai an sake neman wata ba.

Baba Shamaki:
Malama, Allah ya ƙara basira. Muddin dai ba a ce kurɗa-kurɗa ba, kada a ɗauka duƙushin ɗan siyasa ne.

Kafintan Barga:
Ranki ya daɗe, sunan ya yi, amma abin iri biyu ne, a duba ko ya rufe su duka.

Akwai na fili. Shinge ne ake kewayewa, komi a tsakiya, nesa da shingen yadda goɗiya ba za ta miƙo wuya ta kai ba. Ga doki matsakaici, faɗin ƙofar santimita 45 zuwa 50, tsayinta kimanin mita 1.2. Waɗannan lambobi mafari ne kawai. Abin da ya fi shi ne a auna duƙushin: sandar sama ta ɗara kafaɗarsa da kamar tafin hannu, faɗin kuma ya wuce ƙugunsa kaɗan, amma ƙirjin uwar ya kasa shiga. A yi sandunan masu matsawa, domin wanda ya shige salin-alin yau, bayan wata ɗaya zai goge baya. A duba duk mako biyu. Ƙofa kada ta gaza biyu, gara ma kowane ɓangare da tasa. In abu ya firgita su a ciki, ko babba ya tare ƙarami, mai ƙofa ɗaya tarko ce. Ginshiƙai a binne su sosai don goɗiya za ta jingina ƙirji ta tura. Kan ƙusa, bakin kwano mai kaifi, waya mai ƙaya, ko ɗaya kada a bari.

Na biyu na cikin barga ne. Komi ne ƙarami da ake kafewa a bango daidai ƙirjin duƙushi, an gitta masa sandunan ƙarfe a baki, tazarar kamar santimita 10. Bakin ɗan ya shiga, na uwar ya ƙi. To wannan ai ba wurin shiga ba ne, za a ce masa makurɗa?

Malamar Nahawu:
Malam Kafinta, a nan ma ai kurɗawar ake yi, baki ne ke kurɗawa maimakon jiki. A ce komin makurɗa ga na bango, shingen makurɗa ga na fili. In an ce makurɗa kawai, kowanne ya shiga.

Baba Shamaki:
Ƙari a kan maganar Kafinta. Inda aka kafa shingen ya fi katakon muhimmanci. Duƙushi ba zai yi nisa da uwarsa don abinci ba. A kafa shi inda goɗiyoyi ke tsayawa hutu, kusa da ruwa ko inuwa. A ajiye dutsen gishiri a waje kusa da shingen, uwayen su daɗe a wurin. Ranar farko a ja ɗan a shigar da shi, a sa masa ɗan abincin a leɓe, a nuna masa mafita. Wasu sukan buɗe gefe ɗaya su bar uwa da ɗa su shiga tare kwana biyu ko uku, sannan a rufe. Da ɗaya ya gane hanya sauran za su bi shi.

Likitar Dabbobi:
Na sauka daga kan tallafin nono a matsayin suna, makurɗa ta fi shi. Amma Malam Mai Fassara, ina roƙon a bar shi a cikin bayanin ma'ana, saboda abin da na fi tsoro shi ne a cika komi a tafi. Yawancin ɓarnar da ake gani daga yawan abincin take, ba daga ƙarancinsa ba.

Ƙa'idar da aka saba ita ce laba ɗaya a rana ga kowane wata na shekarunsa, wato kimanin giram 450. Ɗan wata biyu giram 900, ɗan wata huɗu kilo 1.8. Wata hanyar lissafin, rabin kilo zuwa kilo ɗaya ga kowane kilo 100 na nauyinsa. Wannan ga doki matsakaici ne. Ƙananan irin dawaki, da wanda uwarsa ke da nono sosai ga ciyawa mai kyau, ƙasa da haka suke buƙata, wani ma sinadaran kawai za a ba shi. A fara da cikin tafin hannu, a riƙa ƙarawa cikin mako ɗaya zuwa biyu. A raba shi sau biyu ko uku a rana, a auna da sikeli, kada a dogara da gwangwani, don nauyin abinci ya bambanta. Ciyawa ko ingirici mai laushi da ruwa mai tsabta kullum suna gabansa.

Ga abin da za a riƙa dubawa. A shafa haƙarƙarinsa: a ji su a ƙarƙashin yatsa, ba tare da an gan su tsuru-tsuru ba. In sai an danna kafin a ji, ya yi ƙiba. A duba saman gwiwa da gaɓar da ke bisa kofato. In wurin ya kumbura, da ɗumi, ya ƙi a taɓa, to mahaɗar girman ƙashi ce ta kumbura. In kuma ya fara tsayawa a kan tsinin kofato, dunduniyar ba ta taɓa ƙasa, jijiyar baya ce ta ɗaure. Ko wanne aka gani a rage hatsin nan take a kira likita, kada a jira ya warware da kansa. Akwai kuma wanda ba ya nunawa da wuri, guringuntsin cikin gaɓa ya ƙi zama ƙashi daidai, sai bayan watanni a ga gaɓar ta tara ruwa.

In duƙusai da yawa ke cin komi ɗaya, lissafin nan ya rushe, babban zai ci rabon uku. A haɗa sa'o'in juna, ko a ciyar da kowa daban.

Masanin Abincin Dabbobi:
Na bi makurɗa ni ma. Sai dai maganar Malama ta cewa sunan zai ɗauki maraƙi da ɗan tunkiya ta sa dole a yi gargaɗi: suna ɗaya ba ya nufin buhu ɗaya. Abincin shanu da na kaji sau da yawa ana sa masa wani magani mai suna monensin, wanda ɗan kaɗan daga cikinsa yana lalata zuciyar doki har ya kashe shi. Na shanu kuma wani da sinadarin yuriya a ciki, wanda shi ma bai dace da duƙushi ba. Saboda haka a rubutu kada a tsaya a "abincin makurɗa" kawai, a ce abincin makurɗa na duƙushi.

Ragowar jiya a kwashe kowace safiya. Wanda ruwa ya taɓa ko ya yi fumfuna a zubar, musamman masara, don fumfunarta tana taɓa ƙwaƙwalwar doki. Shingen fili yana son rufi a kan komin.

Mai Fassara:
Na gode ƙwarai, Baba, Dakta, Malama da sauran malamai. Ga yadda zan shigar: makurɗa, wurin da ɗan dabba mai shan nono ke kaiwa ga abincin tallafi ba tare da uwarsa ta kai ba, daga nan shingen makurɗa, komin makurɗa, abincin makurɗa na duƙushi, ciyarwar makurɗa. Jam'in fa, Malama? Makurɗai ko makurɗu?

Malamar Nahawu:
Makurɗu, kamar makaranta da makarantu.

Kafintan Barga:
A ƙara wannan a ƙarƙashin shingen makurɗa: in an ga gashin goɗiya maƙale a jikin ginshiƙin ƙofa, ta fara gwada shiga ke nan, a matse faɗin tun ranar. In ta samu ta shige za ta cinye rabon duƙusai duka a tsaye ɗaya, doki kuwa ba ya amai, abin da zai biyo baya murɗawar ciki ne ko kumburin cikin kofato.