E1 tsakanin Cisco da Juniper: layi ya tashi, protocol ya ƙi

mai_tambaya: Assalamu alaikum. Layin E1 ne (layin sadarwa na dijital da ake haya daga kamfanin waya), router ɗin Cisco a wannan gefe, na Juniper a wancan. Abin da nake gani shi ne "Serial0/0/0:0 is up, line protocol is down". Controller, ɓangaren router da ke kula da layin, ba ya nuna wata ƙararrawa, masu layin kuma sun gwada loopback (mayar da sigina inda ta fito) sun ce lafiya lau. Daga ina zan fara?

tsohon_hannu: Wa alaikumus salam. Kafin ka taɓa kebul, duba encapsulation, wato tsarin da ake naɗe fakiti da shi a kan layin, kamar HDLC ko PPP. Cisco idan ba a sa masa komai ba HDLC yake yi, kuma irin nasa ne na gida, mai ƙarin fili na baiti 2 da ke faɗin nau'in fakitin. Juniper kuwa da PPP yake tashi. Kowa na aika keepalive, saƙon "ina nan", duk daƙiƙa 10, ɗayan bai san me ake cewa ba. Ko ka sa `encapsulation cisco-hdlc` a Juniper, ko `encapsulation ppp` a Cisco. PPP ya fi, don `debug ppp negotiation` zai nuna maka matakin da ya tsaya: LCP (kafa haɗin), ko CHAP (tantancewa), ko IPCP (daidaita IP). HDLC ba ya ba da irin wannan bayani.

mai_kebul: Gaskiyar malam. Amma in ya tashi yana faɗuwa, koma `show controllers e1`. Framing, wato yadda ake tsara bits a kan layin, ya zama ɗaya: `crc4` na Cisco daidai yake da `g704` na Juniper, `no-crc4` kuma `g704-no-crc4`. FCS, lambar gano kuskure a frame, ma haka, 16 da 16 ko 32 da 32. Sai agogo, wato siginar da ke daidaita lokacin aikawa da karɓa. Juniper na zuwa da `clocking internal`, Cisco da `clock source line`. In masu layin ne ke ba da agogo, duka biyun su karɓa daga layi, wato `clocking external` a Juniper. In ba haka ba za ka ga slips, kurakuran saɓanin agogo, na hawa sannu a hankali, layin yana aiki amma fakiti na zubewa.

mai_tambaya: Allah ya saka da alheri. PPP ya tashi, ping na tafiya. Yanzu OSPF, protocol ɗin da routers ke musayar hanyoyi da shi, ya maƙale a ExStart, matakin fara musayar bayanai da maƙwabci.

tsohon_hannu: MTU ke nan, wato iyakar girman fakiti, kusan kullum. Ba iri ɗaya suke ƙirga shi ba: Junos, manhajar Juniper, na haɗa baiti 4 na header ɗin PPP, shi ya sa E1 ɗinsa ke zuwa da 1504 don IP ya sami 1500. Duk wanda ya rubuta `mtu 1500` a kan interface ɗin da nufin daidaitawa da Cisco ya mayar da IP 1496 bai sani ba. Goge shi. Sannan gwada ping mai hana gutsura fakiti, daga Cisco da `size 1500 df-bit`, daga Juniper da `size 1472 do-not-fragment`, tunda shi ba ya ƙirga baiti 28 na IP da ICMP. Kada ka rufe matsalar da `ip ospf mtu-ignore`. Maƙwabtakar OSPF za ta iya tashi, manyan fakiti su ci gaba da ɓacewa.