Tsoro Ne Ya Hau Da Su Dutse? Gardama Kan Sukur da Mutanen Duwatsun Mandara

Sani Mubi: Assalamu alaikum jama'a. Ranar Asabar na raka wasu baƙi Sukur, can ƙaramar hukumar Madagali. Muka bar mota a gindin dutse, muka kama hanyar nan da aka shimfiɗe da faffaɗan duwatsu. Wallahi kafin rabin tafiya na zauna sau uku, gwiwoyina sai rawa suke. Ina zaune ina haki sai ga wata tsohuwa da ƙullin dawa a ka, ta yi mini sannu ta wuce, ko numfashinta bai sauya ba. Tun ranar abin yake cina. Ni a ganina babu mai hankalin da zai zaɓi wannan wahala da son ransa. Tsoron masu kamen bayi ne ya kora kakanninsu sama, ba wani abu ba. To yau ina masu kamen? Sun tafi kusan shekara ɗari ke nan. Gara a ba mutanen nan fili a ƙasa, kusa da titi da asibiti da makaranta, a bar dutsen ga masu yawon buɗe ido. Ko na yi kuskure?

Ladi Gulak: Ka yi kuskure, Yaya Sani, babba ma kuwa. Hawa ɗaya ka yi, har ka yanke wa gari guda hukuncin tashi? Kakata ta wajen uwa a kan dutse aka haife ta. Da ta tsufa kawuna ya sauko da ita Gulak, ya ba ta ɗaki mai rufin kwano da siminti. Wata uku ta yi tana mita. Ta ce zafi zai kashe ta, sauro ya hana ta barci, ruwan ma ba daɗi, kuma ta leƙa ƙofa ba ta hango komai sai katangar maƙwabci. Ƙarshe da kanta ta ɗaure kayanta. Tsohuwar da ta wuce ka a hanya, ka tambaye ta ko tsoron wani take ji?

Sani Mubi: Sabo ne wannan, ƙanwata. Sabo turken wawa. Wanda ya tashi cikin wahala ba ya ganinta. Ni asalin hawan nake magana.

Malam Bukar: To bari in sa baki, tunda tarihi nake koyarwa. Sani, ba ka rasa hujja ba. Kamen bayi a yankin nan gaskiya ne, kuma ba ƙarami ba. Masarautar Wandala, wadda muke kira Mandara, ta daɗe tana kamo mutanen dutse tana sayarwa Borno. Bature Denham da ya bi rundunar Borno zuwa Mandara a 1823 ya ga wannan harka da idonsa. Daga baya sai ga Hamman Yaji, Bafulatanin da ya mulki Madagali, wanda ya sa aka riƙa rubuta masa abin da yake yi kullum daga 1912 zuwa 1927. A cikin rubutun nan da bakinsa yake lissafa hare-haren da ya tura, da bayi da shanun da aka kawo masa, kuma Sukur tana cikin garuruwan da ya ɗanɗana wa kuɗarsu. Turawan Ingila suka tuɓe shi a 1927. Wannan duka babu musu.

Amma ga inda maganarka ta karye. Hamman Yaji ya tarar da Sukur a kan dutsenta ne, da sarkinta da ake kira Hidi, da fadarsa ta dutse, da hanyoyin da ka taka. Tun 1851, da wani Bature matafiyi mai suna Barth ya bi ta yammacin duwatsun zai je Yola, ya ji labarin Sukur a matsayin gari mai sarki mai ƙarfi. Mai gudun ceton rai ba ya tsayawa shimfiɗa hanya da duwatsun da sai ƙarti da yawa sun haɗu suke ɗaga guda. Ai hanya gayyata ce. Wanda ke ɓuya toshe hanya yake yi.

Injiniya Haruna: Malam, a nan ban yarda da kai ba gaba ɗaya. Ka fara lissafin tsoro daga 1800 da wani abu, alhali ya girmi haka. Mai Idris Alooma na Borno ya yaƙi Margi da Mandara tun ƙarni na 16, limaminsa Ibn Fartuwa ya rubuta. Ke nan ko ka nuna mana cewa Sukur ta girmi Hamman Yaji, ba ka nuna ta girmi tsoro ba. Mutum zai iya hawa saboda tsoro, jikokinsa su zauna su gina hanya. Ɗaya ba ya kore ɗaya.

Malam Bukar: Madalla, Injiniya, wannan ita ce gardama mai daɗi. To mu ƙara komawa baya. A tsallaken iyaka, cikin yankin ƙabilar Mafa a Kamaru, akwai wasu manyan gine-ginen dutse da ake kira Diy-Gid-Biy. Babu laka ko siminti a jikinsu, dutse ne kan dutse, da matakala da lunguna. Masu haƙar kayan tarihi sun auna shekarunsu, suka kai su ƙarni na 15. Ka ga sun riga Alooma. Jama'ar da ta iya tara hannu ta yi irin wannan gini ba jiya ta iso wurin a guje ba. Abin da zan yarda da shi shi ne, hare-hare sun ƙara cunkusa mutane a sama, wasu dangogin ma labarin kakanninsu ya nuna daga fili suka hau. Amma sun tarar da mutane a can.

Injiniya Haruna: Na karɓi rabin. Rabin na ajiye.

Yohanna Malamin Gona: Ku masu tarihi kun cika son yaƙi. Ni ƙasa na sani. Yallaɓai Sani, da kana hawa ka dubi gefenka? Gaba ɗaya jikin dutsen an yanka shi hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa da katangar dutse da ta riƙe shi. In aka yi ruwa, maimakon ya gangaro da gudu ya kwashe ƙasa, sai ya tsaya ya nutse. Kowace shekara kafin damina magidanci da iyalinsa suna bi suna mayar da duk dutsen da ya zame. Na taɓa tsayawa kan wani dattijo a wajen Michika yana wannan gyara. Ya ɗauki dutse ya juya shi sau huɗu a hannu, ya ajiye, ya ɗauko wani, sai da ya sami wanda ya zauna daram ba tare da motsi ba. Na ce Baba, ai duk dutse dutse ne. Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa.

Sannan ga dabarar taki. A Sukur da wajen Mafa ana turke sa a wani ɗaki mai zurfi a cikin gida, ana kai masa ciyawa da ruwa har ya yi ƙiba, kashinsa kuma ya tafi gona. Tokar murhu, kashin awaki, sharar gida, babu abin da ake zubarwa. Mafa kuma suna juya shuka, bana dawa baɗi gero, ga wake a tsakani. Da haka gona guda take ciyar da gida tun daga kakan kaka ba a bar ta ta huta ba. Mu a fili shekara nawa muke yi kafin mu fara kukan ƙasa ta mutu sai an sa takin zamani? Ƙari kuma, duwatsun sun fi filin da ke kewaye da su samun ruwan sama. Manomi ba wawa ba ne.

Hajiya Asabe: Ni abin da ya dame ni a maganar ɗana Sani shi ne kalmar "a ba su fili". Filin wa? Ƙasan dutsen ai da masu shi. Ko so kake a tayar da wata rigimar gona a kan waɗanda muke fama da su?

Malam Bukar: Hajiya ta taɓo wani wuri. An ma gwada abin da Sani yake faɗa. Turawa sun yi shirin saukar da mutanen duwatsun Gwoza a shekarun 1950, gwamnatin Kamaru ma ta matsa wa nata su sauko a shekarun 1960. Dalilin da ake faɗa a fili shi ne ci gaba, amma kowa ya san mutumin da ke fili ya fi sauƙin ƙirgawa da karɓar haraji. Wasu sun sauko sun zauna, wasu suka yi gida biyu, ƙafa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa.

Kuma na manta babban abu: ƙarfe. Arzikin Sukur a kan tama aka gina shi. Ana tace baƙin yashi mai ƙarfe daga rafuka, a narkar da shi da gawayi da zuga-zugi, a fitar da sandunan ƙarfe da ake kaiwa kasuwa, maƙera su mayar da su fartanya. 'Yan kasuwa daga fili suke zuwa saye. Wato hanyar da ta gajiyar da kai, Sani, hanyar fatauci ce. Sana'ar ta mutu ne da ƙarafan Turawa da tarkacen motoci suka cika kasuwa da araha.

Modibbo Jauro: Ina ta karantawa ina shiru. Ni ɗan Madagali ne, Bafulatani. Ba zan wanke Hamman Yaji ba, abin da ya yi ya rubuta da kansa. Amma ina roƙo a daina ba da labarin yankinmu kamar babu komai tsakanin fili da dutse sai mashi. An yi ciniki, an yi auratayya, ana cin kasuwa ɗaya har gobe. Kakana yana da amini a kan dutse da yake ba shi amanar shanu.

Ladi Gulak: Gaskiya ne Baffa, akwai zumunci. Amma a gidanmu har yau in yaro ya cika ƙiriniya tsofaffi da sunan Hamman Yaji suke tsorata shi. Kuma sunayen raini da ake kiran mutanen dutse da su, kai ma ka san su, ba sai na faɗa ba. Na sha su a makarantar kwana. Shi ya sa in na ji an ce "tsoro ne kawai", sai in ji kamar ana cewa ba mu taɓa ƙirƙiro komai ba sai gudu. Alhali a 1999 da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, ita ce ta farko a duk Najeriya. Gonakin nan da hanyoyin da fadar Hidi aka duba, ba gudun kowa ba.

Modibbo Jauro: Allah ya ba ki haƙuri, 'yata. Wannan ba ni da ta cewa.

Sani Mubi: To na ji, na sha kashi a tarihi. Amma ku amsa mini wannan. Mace tana naƙuda da tsakar dare, haihuwa ta zo da gardama. A kan me za a sauko da ita? Takardar UNESCO? Malamin makaranta nawa ne zai yarda a tura shi can ya zauna? Ladi, ke da kike kare dutsen, a ina kike zaune yanzu?

Ladi Gulak: A Yola nake, kuma ka san aiki ne ya kai ni. Maganar naƙuda kuwa ba zan musa ba, an yi asarar mata a hanyar nan. Amma maganinta a kai ungozoma da ɗakin shan magani sama. Mutanen da suka hau da duwatsun hanya a kansu ba za su gagara hawa da buhun siminti ba in an kawo shi gindin dutse.

Injiniya Haruna: Faɗa da baki sauƙi gare shi. Duk abin da za ka gina a can kuɗinsa ya ninka na ƙasa, kuma samarin da za su yi dakon suna Mubi da Yola da Legas suna acaɓa da gadi. Katangar Yohanna hannu take ci. In babu matasa, shekara kaɗan za ta zube, ko an so ko ba a so ba. Ba gwamnati za ta sauko da su ba, 'ya'yansu ne.

Yohanna Malamin Gona: Wannan ita ce gaskiyar da ta fi ciwo. Na ga gonakin da aka bari. Damina uku ta isa ruwa ya ɓalle katanga ɗaya, ita kuma ta ja ta ƙasanta.

Baba Adamu: 'Ya'yana, ni mutumin Gwoza ne, daga bayan dutse. Kuna ta gardama ko tsoro ne ya hau da mu. Ni dai tsoro ne ya sauko da ni. A watan Agusta na 2014 'yan Boko Haram suka kama Gwoza. Sojoji sun ƙwato garin a watan Maris na 2015, amma dutsen da muke gudu mu hau in an shiga uku, shi suka mayar maɓoyarsu. Sukur ɗin ma ba su ƙyale ta ba, sun hau sun yi ƙone-ƙone a wannan shekarar ta 2014. 'Yan'uwana wasu suna sansanin Minawao a Kamaru, ni ina Maiduguri a gidan haya. Titi yana ƙofar gidana, Sani, asibiti ma ba nisa. Ina da rumbu uku a can sama da mahaifina ya gina, da wata tsamiya da muke shan inuwa. Da za a ce yau an samu lafiya, gobe da asuba zan kama hanya, ko da rarrafe.

Hajiya Asabe: Allah sarki Baba. Allah ya mayar da ku gida lafiya.

Sani Mubi: Amin. Baba, ka yafe mini in na taɓa maka ciwo. Maganar asibiti dai ban janye ba. Yohanna, in za ka je wajen dattijon nan naka lokacin gyaran katanga ka kira ni, ina son in gani da idona.

Yohanna Malamin Gona: Sai wajen Afrilu, kafin ruwan farko. Ka zo da takalmin kirki, ba wancan mai santsi na ofis ba.