Hunturun Legas ya busar mana da fata: me ake yi wa ƙaiƙayin nan a gida?

Maman Yara, Agege

Assalamu alaikum jama'a. Tun da hazo ya sauko a watan Disamba fatar mutanen gidanmu ta bushe, musamman ƙwauri da hannuwa, ta yi fari kamar an barbaɗa toka. Ƙaiƙayin ya fi tsanani bayan wanka da kuma lokacin kwanciya. Akwai yaro ɗan shekara uku, akwai kuma tsohuwa mai ciwon suga da dugaduganta suka fara faso. Muna shafa basilin safe da yamma, amma kafin azahar jiki ya sake yin fari. Don Allah masu sani ku yi mana bayani dalla-dalla: me za a shafa, yaushe, kuma me za a daina?

Ma'aikaciyar jinya, Idi-Araba

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Basilin ba shi da laifi, lokacin shafa shi ne matsalar. Mai ba ya ƙara wa fata ruwa, aikinsa shi ne ya tsare ruwan da ya tarar kada ya tashi. In kika bari jiki ya bushe ƙarau bayan wanka sannan kika shafa, babu abin da zai tsare, sai dai ƙyalli a sama, ƙaiƙayi a ƙasa.

Ga yadda za ki yi. Ruwan wanka ya zama mai ɗumi kaɗan, wanda in kika tsoma gwiwar hannu ba za ki ji zafi ba. Ruwan zafi yana da daɗi da asuba, amma yana narkar da maiƙon da ke saman fata, shi ya sa ƙaiƙayi ke tashi da zarar an fito. Wankan kada ya wuce minti biyar zuwa goma. Sabulu kuma ba duk jiki ke buƙatarsa kullum ba: hammata, matsematsi, gaba da baya, ƙafafu da duk inda ya yi datti a zahiri. Ƙwauri da damtse da ciki ruwa kawai ya ishe su a yawancin ranaku. A ajiye soson raga mai kaushin nan har hunturu ya wuce, a yi amfani da tafin hannu ko tsumma mai laushi. Dirzar fata ba ta cire farin nan, ƙara shi take yi, domin farin ba dauɗa ba ne, saman fatar ne ya tsattsage ya ɗago.

Da an fito, a danna tawul a jiki a hankali ba tare da gogawa ba, a bar ɗan danshi. Cikin minti uku a shafa mai, a murza shi a tafin hannu tukuna ya yi laushi, a bi da shi yadda gashi ya kwanta, daga sama zuwa ƙasa. Goga shi sama da ƙasa da ƙarfi yana toshe ƙofofin gashi ya kawo ƙananan ƙuraje.

Akwai abin da ya bambanta Legas da Kano ko Sakkwato. A nan hunturu gajere ne, yana zuwa yana ɗaukewa tsakanin Disamba da farkon Fabrairu, kuma ko da safiya ta yi sanyi, da rana zafi na dawowa a yi gumi. Wanda ya laɓta basilin da kauri da safe ya shiga cunkoson Oshodi, ƙurajen zafi zai samu a wuya da baya, ya ɗauka bushewa ce ya ƙara mai. Don haka da safe a shafa kaɗan, kuma a ƙwauri, hannu da gwiwa kawai za a yawaita. Mai kaurin a bar shi sai dare.

Ga yaron, wanka ɗaya a rana ya isa a wannan lokaci. A yanke masa farce, domin susa cikin barci ita ke fasa fata har ƙwayoyin cuta su shiga. Kada a zuba Dettol ko makamancinsa a ruwan wanka, haka ma sabulun da ake kira na kashe ƙwayoyin cuta, duk suna ƙara busar da fata.

Hajiya mai man kaɗanya, Mile 12

Bayanin ma'aikaciyar jinya ya yi daidai. Ni zan yi magana a kan man da kansa, domin da yawa suna sayen lalatacce su ce man kaɗanya ba ya yi musu.

In za ki saya, a wajen Yarabawa ki ce ori. Mafi yawan na kasuwannin nan daga Neja, Kwara da yankin Saki a Oyo yake zuwa. Ki ɗan gutsura ki murza a bayan hannu. Mai kyau yana narkewa nan take, ba ya barin yashi ko baƙin gari, warinsa na ƙwarar kaɗe ne da ɗan hayaƙi. In ya yi tsami ko warin tsohon man suya, ya lalace, zai iya ƙara ƙaiƙayi. Launi ba hujja ba ne, akwai fari-fari akwai mai rawaya, kowanne ana samun nagari da gurɓatacce.

Haɗin da ke shafuwa ba tare da wahala ba: man kaɗanya cikin gwangwanin madara ɗaya, man kwakwa babban cokali uku. Kada ki ɗora shi kan wuta kai tsaye, zai ƙone ya yi wari. Ki tafasa ruwa a tukunya ki sauke, ki sa man a kwanon silba ki ɗora kan ruwan har ya narke. Ki tace da ƙyalle mai tsabta in akwai tarkace, sannan ki zuba man kwakwar ki juya. Wurin da ake kuskure shi ne sanyayawa. In kika bar shi ya daskare a hankali a ɗaki, zai fito da tsaki-tsaki. Ki sa kwanon cikin ruwan sanyi ko firji, da ya fara kamawa ta gefe ki fito da shi ki buga da cokali ko maburgi har ya yi fari ya yi laushi. A zuba a roba mai murfi, a ajiye nesa da rana.

Kada ruwa ya shiga cikinsa ko ɗigo, kuma kada a tsoma jiƙaƙƙen yatsa, fumfuna zai yi. Kada ki zuba turare, yawancin ƙaiƙayin da ake ɗora wa mai daga turaren yake. Masu haɗa humra da man shafawa su haƙura har fatar ta warke, su fesa turaren a tufafi. Wannan haɗin na jiki ne. A fuska, musamman mai yawan ƙuraje, a cire man kwakwar domin yana toshe fata.

Gilisarin ma yana aiki sosai, amma ba ya haɗuwa da mai, zai ware. A yi shi daban: cokali ɗaya na gilisarin, cokali huɗu na tafasasshen ruwa da ya huce. A shafa wannan tukuna, a bi shi da man kaɗanya. Tsurarsa yana danƙo yana kama ƙura. A haɗa na kwana biyu ko uku kawai, domin duk abin da ruwa ya shiga ba ya daɗewa.

Mai shagon magani, Obalende

Hajiya ta gama da mai. Saura ƙaiƙayin kansa, da abin da ya fi damuna, wato mayukan da mutane ke saya da kansu.

In ƙaiƙayi ya taso, a jiƙa tsumma da ruwan sanyi a ɗora minti biyar zuwa goma, a bi da mai. Ga wanda ya kama wuri mai faɗi, a samu hatsin oats irin na Quaker wanda ba a sa masa suga ba, a niƙa kofi ɗaya ya yi gari lukui, a zuba a baho na ruwan ɗumi har ya yi fari kamar madara. Yaro ya zauna ciki minti goma, babba ya riƙa kwarara wa jikinsa. A kula, bahon yana santsi.

Inda fata ta yi ja ko ta yi duhu ta yi kauri saboda susa, babba zai iya shafa man hydrocortisone 1% siriri, sau ɗaya ko biyu a rana, kada ya wuce kwana bakwai, ban da fuska da inda fata ta fashe. Yaro ɗan shekara uku kam a bari likita ya gani tukuna. Ƙwayar cetirizine 10mg sau ɗaya a rana tana taimaka wa babba in akwai borin jini, amma ba ta gyara bushewa. Piriton yana sa barci, direba da mai aiki da inji su kiyaye.

Ina roƙonku ku duba jikin bututun kafin ku saya. In kun ga clobetasol ko betamethasone, musamman mayukan nan da ake cewa suna maganin komai uku a ɗaya, ku ajiye. Suna kashe ƙaiƙayi cikin kwana biyu, shi ya sa ake son su, amma in aka daɗe a kai fata tana sirancewa, ta yi nanƙarwa, jijiyoyi su fito, kuma ranar da aka daina ƙaiƙayin ya dawo fiye da da. In makero ne a ƙasa, sai ya bazu ya sauya kama. Mayukan bilicin da yawa suna ɗauke da irin waɗannan sinadarai, kuma mai shafa su ita ce ta fi shan wahalar hunturu. Lemon tsami, kanwa, alif da man goge baki ma a bar su, ƙona fata suke yi. Man zafi irin su Robb kada ya kusanci hancin ƙaramin yaro ko fasasshiyar fata.

Abu ɗaya a tambayarki ya ja hankalina: kin ce mutanen gida duka, kuma da daddare. Ki duba tsakanin yatsun hannu, wuyan hannu, cibiya, ƙugu da al'aura. In akwai ƙananan ƙuraje a waɗannan wuraren, wataƙila ƙazuwa ce, kuma babu man kaɗanyar da zai kashe ta. Ita maganinta daban, permethrin ko benzyl benzoate, kowa a gidan ya shafa a lokaci guda, a wanke zannuwan gado da tufafi da ruwan zafi a shanya a rana. In babu ƙuraje sai fari da ɓawo a ƙwauri, to hunturu ne.

Maman Yara, Agege

Allah ya saka da alheri. Na duba, babu ƙuraje a yatsu. Saura abu biyu: sabulun salo muke wanka da shi, a ci gaba? Sannan ƙafar tsohuwa fa, a jiƙa a goge da dutse?

Hajiya mai man kaɗanya, Mile 12

Sabulun salo yana da kyau ga mai maiƙon fata a lokacin zafi, amma da toka ake yinsa, yana da ƙarfi, wani ma har yana raɗaɗi. In dole shi za a yi amfani da shi, kada a goga curin a jiki, a murza a hannu ya yi kumfa, kumfar kawai za a shafa, a ɗauraye da wuri. Ga yaron da tsohuwar ni dai na fi son a canja zuwa sabulu mai laushi marar ƙamshi. Alamar sabulu ya yi miki ƙarfi ita ce ki ji fata ta ɗaure tana ja bayan wanka.

Ma'aikaciyar jinya, Idi-Araba

Ƙafar tsohuwa kam a bi ta a hankali, don Allah. Mai lafiya zai iya jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi minti goma, ya goge kaushin da dutse sama-sama sau biyu a mako, ya shafa basilin da kauri ya sa safar auduga ya kwana. Mai ciwon suga ba haka ba. Ciwon yana rage jin ƙafa, tana iya ƙonewa da ruwa ko ta ji rauni ba ta sani ba, kuma rauninta ba ya saurin warkewa. Kada a jiƙa, kada a dirje da dutse, reza kuwa ko kusa. A wanke da ruwan da wani ya gwada ɗuminsa da hannu, a tsane sosai har tsakanin yatsu. A shafa man da aka rubuta urea 10% a jikinsa, ko basilin, a dugadugi da tafin ƙafa da bayanta safe da dare. Tsakanin yatsu a bar shi a bushe, mai a nan yana jawo ruɓewa. Urea yana raɗaɗi a buɗaɗɗen faso, wurin da ya buɗe basilin kawai. Ta daina yawo ba takalmi ko a tsakar gida, kuma silifas mai buɗaɗɗen baya yana ƙara faso. Kowane dare wani ya duba mata ƙafar da haske. In aka ga jini, ruwa, ja, kumburi, zafi ko wari, a kai ta asibiti a ranar.

Haka kuma ƙaiƙayin da ya wuce mako biyu ana wannan kulawa bai ragu ba, ko wanda ya game jiki ba tare da bushewa ba, ko ya zo da rawayar ido, rama ko kumburin ƙafa, yana buƙatar gwajin jini, domin hanta da ƙoda suna iya kawo shi. Mai juna biyu da tafin hannu da na ƙafa ke mata ƙaiƙayi da dare ta gaya wa masu awo ba tare da jira ba. Akwai likitocin fata a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) nan Idi-Araba da na Jami'ar Jihar Legas (LASUTH) a Ikeja, amma a fara da asibitin da ke kusa.

Malam daga Alaba Rago

Ƙari kaɗan da ba a taɓo ba. Alwala sau biyar tana jiƙa hannu da ƙafa, iskar hunturu ta busar da su, shi ya sa nan ne ke fara tsagewa. A ajiye ƙaramar roba ta mai a aljihu ko kusa da buta, bayan alwala a tsane a shafa ɗan kaɗan. Wanda ke da damuwa kan mai kauri ya tare ruwan alwala ta gaba, ya yi amfani da mai shiga fata da rana, ya bar basilin sai bayan isha'i.

Rigunan sanyi na gwanjo da ake kwasowa a Katangowa a wanke su kafin a sa, kuma a sa rigar auduga a ciki, ulu yana cizon busasshiyar fata. Wajen wanki a rage garin sabulu, a ɗauraye sau biyu, wanda ya maƙale a zare yana sa ƙaiƙayi. Mai wanki da wanke-wanke ya sa safar hannu ta roba. Leɓe kuma a daina lasa, yawu yana ƙara busar da shi, a shafa basilin ko man kaɗanya kafin fita da kafin barci. Masu kwana da na'urar sanyaya ɗaki su rage ta, fanka kuma kada ta riƙa bugun jiki kai tsaye har safe.